Direban da ya yi wa giwa hon

Yayana Mordecai direban bas ne, kuma babu lungun da bai sani ba tsakanin Samaru da Sabon Gari. Amma akwai gida ɗaya a Unguwar Gabas da ya yi kusan shekara biyu ya kasa taka ƙofarsa, gidan amininsa Zailani, wanda ke zaune a ciki da ƙafa ɗaya. Ni ce ƙanwarsa Keziya, malamar firamare, kuma a danginmu an san ni da rashin iya haɗiye magana. A gaban idona aka yi abin tun farkonsa, don haka zan faɗe shi yadda na gani, ko da Yaya zai yi fushi da ni.

A wani ƙauye na kudancin Kaduna aka haife mu. Babanmu manomin citta ne, yana kawo ta kasuwar Sabon Gari wurin wani ɗan kasuwa, mahaifin Zailani. Da Yaya ya gama firamare ya ƙi noma ƙememe, ya ce shi mota yake so. Baba ya gaji da faɗa, ya kamo hannunsa ya kawo shi gidan wannan mutum ya ce ga amana. A nan ya girma. Inna, mahaifiyar Zailani, ita ta yi jinyarsa da ciwon shawara ya kwantar da shi, kuma ita ce ke tashinsa ran Lahadi ta ce ya yi maza ya yi wanka kada ya makara zuwa cocinsu. Modi take ce masa, don ta ce sunan nasa ya yi mata tsawo, sai duk gidan suka ɗauka. Shi da Zailani sa'annin juna ne, ɗaki ɗaya suka kwana har suka yi gemu. Ko a shekarar 2000, da Kaduna ta rikice, mutanen Zariya suka fara kallon juna a kaikaice, wasu na kwashe kaya suna sauya unguwa, su biyun ko gezau ba su yi ba.

Da suka girma kowa ya kama hanyarsa. Yaya ya yi kwandasta, ya yi tuƙin motar wani, har Allah ya hore masa tasa hayis, tsohuwa amma mai lafiyar inji. Ya auri Bibiana, suka haifi Lucia, suka kama haya a Samaru bayan kasuwa. Ni ma da na sami aikin koyarwa, a gidan hayar nan na kama ɗaki. Zailani kuwa ya sami aiki a wani gandun namun daji da ke gabas, tafiyar wuni guda daga Zariya. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin wurin bai yi wa kowa laifi ba. Aikinsa jagora: baƙi su zo da motarsu, ya shiga gaba da tsohuwar bindigarsa, ya zagaya da su su ga namun daji. Matarsa Naila da yara suna Unguwar Gabas wurin Inna, yana leƙo su ƙarshen wata.

Wanda bai taɓa shiga bas ɗin Samaru ba zai yi wuya ya gane wannan labari. Direban wannan hanya da hon yake magana. Da shi yake kiran fasinja tun daga nesa, da shi yake gaida abokin aiki in sun gifta a Palladan, da shi kuma yake zagin ɗan acaɓa in sun cushe a Kwangila. Akuya ta tsaya a titi, mai baro ya yi nawa, ba ya ma tunani, tafin hannu ne ke zuwa da kansa. Yaya kuwa ko a cikinsu ya yi fice. Bibiana ta sha yi masa tsiya wai ko barci yake yi sai ya danna mata kafaɗa sau biyu.

A ranin 2002 Zailani ya matsa masa sai da ya je ya ga wurin aikinsa. Ya tafi yana gunaguni wai za a raba shi da lodi don kallon birai. Ya dawo kamar ba shi ba.

"Keziya," in ji shi, "kin taɓa jin shiru? Ba shirun an ɗauke wuta ba fa, shiru na gaske. Giwa mai girman ɗakin nan ta wuce ta gabana, ko ƙarar takunta ban ji ba."

Mutumin da ban taɓa jin ya yabi wani abu ba in ba injin mota ba, sai ga shi yana ba mu labarin ɓauna da gwanki da dorina har kunnuwanmu suka gaji. Daga nan ya mai da abin sana'ar rani. Da zarar ciyawa ta bushe, namun daji suka fara taruwa a bakin ruwa, sai ya haɗa ɗalibai ko malaman makaranta ko matasan coci ya kai su. Ɗalibai suka sa masa suna Oga Safari. Ya liƙa ƙaton hoton giwa a gilashin baya, wanda ya tare masa ganin hanya, na yi magana ya ce ba ni da ido. Gaskiya ita ce ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na waɗannan shekaru ba, kuma rabin farin cikin Zailani ne, don sun koma zama kafaɗa da kafaɗa kamar da.

Zailani yana da wani tsari da ba ya karyawa. Ya yi aiki da direbobi iri-iri, ya san ce wa direban haya kada ya yi hon ɓata yawu ne, domin ba kunnensa ke yin hon ba. Saboda haka da an zo ƙofar shiga daji sai ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya zare ɗan fiyus ɗin hon, ya jefa a aljihun rigarsa, sai an fito ya mayar. Ya ce giwa mai ɗa takan yi haƙuri da gurnanin inji don ta saba da shi, amma ƙarar da ta zo mata ba zato ba ta yi mata uzuri. Kowane zuwa haka yake yi wa Yaya, su yi dariya su wuce.

Bayan Ista ta 2005 zumuntar matan cocinmu suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Bibiana ce ta tsaya kai da fata har tafiyar ta yiwu. Muka cika mota da ankonmu da tulun kiɗa da kulolin shinkafa. Har mahaifiyar Bibiana ta taso daga ƙauye, aka ba ta kujerar gaba saboda ciwon gwiwa. Yaya ya ɗinka sabon kaftani, ya wanke motar har tayoyi. Ga matarsa, ga surukarsa, ga matan dattawan coci, zai nuna masu duniyar da ya sani su ba su sani ba. Tun daga Zariya yake lacca a kan giwaye, mu kuma muna rufe masa baki da waƙa.

Muka kwana a masaukin baƙi. Washegari da la'asar, lokacin da giwaye ke saukowa shan ruwa, Zailani ya iso cikin kakinsa. Ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya yi mana gargaɗi cewa waƙa da kiɗa sun ƙare sai an fito, sannan ya zagaya gefen direba ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari.

Wata daga kujerar baya ta tambayi abin da yake nema, ya gaya mata. Ba da mugun nufi ta yi ba, mace ce mai barkwanci, amma sai ta tafa hannu ta ce, "Au! Ashe Baban Lucia sai an ɗaure mishi hannu kamar yaro mai tsotson yatsa?"

Mota ta kwashe da dariya. Tsohuwa ma ta kai bakin zane ta rufe baki. Ta madubi na ga fuskar Yaya ta canza. Ya riƙe hannun Zailani, ya yi ƙasa da murya, amma ina bayansa, na ji.

"Haba Zailani. Zuwana nawa wurin nan? A gaban Mama za ka mai da ni ɗan koyo?"

"Ba kai nake tsoro ba, Modi, hannun nan nake tsoro."

"Hannun ai nawa ne. Bar mani abina."

Zailani ya dubi tsohuwa, ya dubi Bibiana, ya janye hannunsa a hankali. Kara ya yi masa. A gidansu an koya masa cewa ba a kunyata namiji a gaban surukarsa ko da kai ke da gaskiya. Na sha juya wannan a raina, har yau ban san wanda na fi jin haushi ba, mai girman kan ko mai karar. Ya zagayo ya zauna bakin ƙofa kusa da tsohuwa, muka shiga daji.

Mun ga abubuwa kam. Mun ga gwanki tsaye a inuwa, mun ga birai sun tare hanya kamar masu karɓar haraji, mun ga ɓauna daga nesa. Mata na ta nuna wa juna da yatsa suna danne ihu. Da muka gangaro kusa da rafi sai Zailani ya ɗaga hannu, Yaya ya taka birki. Garken giwaye ne ke tsallake hanya a gabanmu. Yaya bai yi ƙarya ba, ba ka jin takunsu, sai ƙarar reshe in sun karya. Na ji kamar in yi addu'a.

Duk suka wuce sai wani ɗan ƙarami, wanda bai fi maraƙi tsayi ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana wasa da reshe, ya ɗauka ya yar, ya ɗauka ya yar. Uwar tana gefen hanya tana jiransa. Muka jira, muka jira. Ɗan giwa ya juya mana baya ya ci gaba da harkarsa, daidai yadda akuyar Sabon Gari ke yi.

Sai na ji pim, pim.

Yaya ya rantse mini daga baya cewa sai da ya ji ƙarar sannan ya san hannunsa ne ya yi, kuma na yarda da shi. Ɗan giwa ya ƙwala ƙara. Uwar ta juyo, ta baza kunnuwa, ta yi wani kuka mai ban tsoro, ta nufo mu. Zailani ya ce, "Baya! Baya!" Yaya ya sa ribas ya taka, ga hoton nan ya tare gilashi, tayar baya ta faɗa cikin yashi ta kama juyi a wuri ɗaya. Mata suka ɓarke da kururuwa, ana ta kiran sunan Yesu.

Zailani ya buɗe ƙofa ya dira. Ya harba bindiga sama, ya ruga gefe nesa da mota yana kaɗa hularsa yana ihu, don ta bar mu ta bi shi. Ta kuwa bi shi. Ya kusa kai wa wata ƙatuwar bishiya ta cim masa. Ta make shi da hanci ya faɗi, ta taka shi. Da ɗan nata bai sake kuka daga cikin daji ba, da ba ta bar shi da rai ba. Ta juya ta tafi, wurin ya yi tsit.

Mu mata muka tura motar ta fita daga yashi, mu muka ɗauko shi a zannuwan ankonmu. Ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta kalluwa. Yaya ya tuƙa mu zuwa babban asibitin da ya fi kusa, tuƙin da ban taɓa ganin irinsa ba. Washegari likitoci suka yanke ƙafar.

Manyan gandun dajin suka zo asibiti da tambayoyinsu. Zailani ya ce masu laifinsa ne, shi ya manta bai zare fiyus ba, kuma bai gargaɗi direba ba. Ƙarya ce, duk wadda ke cikin motar ta san ƙarya ce. Ita ta hana a tsare Yaya, ita kuma ta sa aka sallami Zailani daga aiki ba tare da ko sannu ta kirki ba.

Yaya ya ba da jininsa. Shi ke zirga-zirgar sayo magani, a mota yake kwana. Amma ɗakin da Zailani ke kwance bai shiga ba. Ya zo bakin ƙofa ya hango zanen gado ya lotsa a inda ya kamata ƙafa ta tokare shi, sai ya juya. Na ce masa ya shiga, ya ce gobe, bari mutumin ya huta. Muka dawo Zariya a kan goben nan. Bayan wasu makonni aka dawo da Zailani gida Unguwar Gabas, har lokacin goben ba ta zo ba.

Dubiya a wurinmu tana da lokacinta. In ka je da wuri, sannu kawai za ka ce. In ka makara, sai ka haɗa da dalilin makara. Yaya ya rasa dalilin makon farko, makon ya zama wata, watan kuma ya fi ƙarfin kowane dalili. Kullum yana wuce bakin layin da ke shiga unguwar da fasinja a mota, ya kau da kai. Sau da yawa ya yi wanka ya sa kaya ya ce yau kam zai je, sai mu ga ya dawo da wuri yana cewa taya ta yi faci.

Ya kankare hoton giwa. Ya kwance hon ɗin motar gaba ɗaya ya jefar a bola. Bas babu hon a Sabon Gari abin dariya ne kuma abin tsoro, sai dai ka gan shi ya fito da hannu yana dukan ƙofa. Abokansa na tasha suka sa wa motar suna Bebiya. Da ya kusa take wani mai baro a bakin kasuwa sai ya bar hanyar baki ɗaya, ya koma jigilar Shika, inda ba zai ga layin su Zailani ba. Ya rame. A coci ya koma bencin ƙarshe, ya fice kafin a tashi.

Abin da ya iya shi ne aike. Yau buhun masara, gobe doya, da Sallah har rago, ni da Bibiana ne 'yan kai wa. Mu sami Zailani a tsakar gida yana koyon tafiya da sanduna biyu, ya tarbe mu da fara'a, sannan ya leƙa bayanmu.

"Ina mutumin?"

"Yana hanya," in ji mu. "Aiki ne ya yi mishi yawa. Ya ce a gaishe ka."

Na yi wa mutumin nan ƙarya har na fara jin kunyar hanyar gidansu. Daga baya ya daina leƙa bayanmu, ya daina tambaya. Ranar da na lura da haka, da kuka na hau mota zuwa Samaru.

Da daminar 2006 Inna ta rasu. Na ce a raina wannan kam dole ya je, matar da ta raine shi ce. Ya kuwa sa kaya ya fita. Ya bi ayarin jana'iza daga baya har maƙabarta, ya tsaya can nesa, da aka gama kuma ya sulale kafin a fara gaisuwa. Ya dawo ya kulle kansa a ɗaki. Muna jin kukansa ta taga, ni kuwa ga tausayi ga haushi.

Naila ce ta fasa ƙwan. A farkon 2007 na kai masu wake, sai ta ja ni madafi ta tura ƙofa. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malama Keziya, don Allah ku daina kawo kayan nan. Ba yunwa muke ji ba. Kin san da aka dawo da shi kullum sai ya sa a fitar mishi da kujera ƙofar gida, wai yana shan iska? Ba iska yake sha ba. Hon ɗin yayanki yake saurare daga titi. Ya ce ko cikin mota ɗari zai gane nashi, in ya ji ya san lafiyarshi ƙalau. Sai ya ji ɗif. Duk buhun da kuka sauke a gidan nan, ranar ba ya cin abinci."

Na dawo da waken a kaina. Na tarar da Yaya yana wanke mota a ƙofar gida, na dire buhun a gabansa, na gaya masa abin da Naila ta ce ban rage ko kalma ba. Na ƙara da nawa. Na ce shi a ganinsa kansa yake hukuntawa da ramewa da zaman bencin baya, to wa ya gaya masa shi ke shan hukuncin? Na ce giwa ƙafa ɗaya ta ɗauka ta tafi abinta, shi kuwa kullum sai ya dawo ya ƙara ɗiba. Maƙwabta suka fara leƙowa, ban damu ba.

Ya tsaya da soso a hannu, ruwa na ɗiga a takalminsa.

"Keziya, da zagina zai yi da na je tuni. Da ma ya ɗauki sandan nan ya rotsa mani kai. Amma na san shi. Yafe mani zai yi. Shi ne ba zan iya ɗauka ba."

Na ce, "To je ka ɗauka, Yaya. Ai bai kai nauyin abin da shi yake ɗauke da shi ba."

Ran Lahadi bayan sujada ya ce in raka shi. Bai ɗauki motarsa ba, bas muka shiga kamar kowa. Da muka sauka ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ina gaba ina jiransa. A ƙofar gidan ya tsaya ya yi sallama. Naila ta leƙo, ta gan shi, ta koma ciki. Can sai ga ta da tabarma, ta shimfiɗa a zaure. Gidan da ya girma a ciki ke nan, inda yake faɗawa har madafi ya buɗe tukunya ba wanda zai ce masa don me. Na yi nufin shigewa wurin mata, ya kama bakin gyalena, sai na zauna a gefe.

Muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanduna. Zailani ya fito, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke ta da fil. Ya zauna a kujera, ya jingine sandunan a bango.

"Sannu da zuwa, Malam Mordecai. Ya hanya? Ya iyali? Ya aiki?"

Tun da nake ban taɓa jin ya kira shi da wannan suna ba. Ya jero gaisuwar nan tsaf, bai tsallake ko ɗaya ba, har da tambayar karatun Lucia. Yaya ya zube a gabansa ya kama ƙafar da ta rage, ya fashe da kuka, yana cewa shi ne, shi ya hana a zare, shi ya danna, a yafe masa. Zailani ya bar shi sai da ya yi mai isarsa.

"Tashi, ka girmi wannan," in ji shi. "Maganan hon tun ina kwance a ƙasa na yafe. Ni na janye hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Giwa kuma ɗanta ta kare, ba ta yi laifi ba. Wannan duk ya wuce."

Yaya ya ɗago kai. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka, ni ma har na fara godiya a zuciyata.

"Amma na kwanta a asibiti ina kallon ƙofa," in ji Zailani. "Na dawo gidan nan ina kallon ƙofa. Inna da jikinta ya yi tsanani ta yi ta cewa a kira mata Modi, na rasa abin da zan ce mata. Ran jana'izanta na hango ka a bayan dalbejiya. Na tsaya a kan sandunan nan har mutane suka watse, ina cewa yanzu zai ƙaraso." Ya dubi bango. "Wannan na nema a zuciyata in yafe, ban samu ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba. Wadda na yi dominka a asibiti ta isa."

"To me zan yi, Zailani?"

"Ban sani ba. Ƙofa dai ga ta nan, ba a rufe ta ba."

Yau shekara biyu ke nan da wannan zama. Yaya ya koma hanyar Sabon Gari, daji kuwa bai sake takawa ba, ko zancensa ba ya so a yi. Zailani ya buɗe ɗan shagon sayar da hatsi a bakin layinsu. Kowace Lahadi Yaya na tashi daga coci sai Unguwar Gabas, ko ana ruwa ko ana rana. Suna gaisawa, su taɓa zancen tsadar mai da na damina. Har yanzu a zaure ake shimfiɗa masa tabarma. Bibiana na cewa a yi haƙuri, abin zai zo. Ni ba na cewa komai, don ban sani ba, kuma tsoro nake ji.

Lahadin da ta wuce na raka shi. Muna zaune Naila ta kawo dambu a kwano mai murfi, irin wanda ake ajiye wa baƙi, da cokali ɗaya a kai. Yaya ya buɗe, ya tura kwanon tsakiyar tabarma, ya ɗaga ido.

"Bismillah mana, Zailani."

"Alhamdu lillahi," in ji Zailani. "Na riga na ci."

Yaya ya jawo kwanon gabansa. Ya ci shi kaɗai, a hankali, kansa a sunkuye, har ya cinye tas don kada a ce baƙo ya raina abincin gidan.